Yadda Ake Shuka Koren Guzberi a Lambu da Kula da Shi

Guzberi ƙaramar bishiya ce mai ƙaya wadda tsayinta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. 'Ya'yanta sun kai girman ƙwayar inabi ko su ɗan ɗara, da siraran jijiyoyi farare da ake hangowa ta cikin fatarsu. Masana tsirrai suna kiranta Ribes uva-crispa, asalinta kuwa Turai ne da yammacin Asiya da tsaunukan arewa maso yammacin Afirka. Akwai mai jan ɗa, akwai mai ruwan ɗorawa, amma koren shi ne ya fi yawa a lambuna, shi ne kuma aka fi dafawa. Idan bishiyar ta samu yadda take so, za ta yi shekara 15 zuwa 20 tana haihuwa, kowace shekara kilo 3 zuwa 4, wani lokaci fiye da haka.

Kafin ka taɓa fartanya, ka san cewa bishiyar sanyi ce. Dole ta zubar da ganye ta yi barci a hunturu, kuma tana bukatar kamar awa 1,000 na sanyin da bai haura digiri 7 a ma'aunin Salshiyos ba kafin ta farka ta yi fure yadda ya kamata. Inda babu irin wannan hunturu, ko an yi mata gata iya gata, sai dai ta yi ta fama ta ƙare ba ɗa ba jika. Zafin da ya haura digiri 30 kuma yana ƙona mata ganye, ya dafa 'ya'yan tun suna kan reshe. Shi ya sa ta fi karɓuwa a Ingila, Jamus, Foland, Rasha, ƙasashen Iskandinabiya, Kanada da arewacin Amurka. Ka kuma lura wajen sayen dashe, domin akwai wasu tsirrai biyu da ake sayarwa da wannan suna alhali ba dangi ba ne: amla ta Indiya, wadda babbar bishiya ce ta ƙasashe masu zafi, da kuma wata 'yar uwar tumatir mai ɗa a cikin ɓawo mai kama da takarda, Physalis peruviana. Duba sunan kimiyya a jikin takardar dashen, in ba ka ga Ribes ba, ba ita ba ce.

Watannin da zan ambata na arewacin duniya ne. Wanda ke kudanci, kamar Niyu Zilan ko kudancin Chile, sai ya ƙara wata shida a kan kowanne.

Zaɓen iri

Nan ake cin nasara ko a sayi wahala da kuɗi. Babbar cutar guzberi wata funfuna ce fara mai kama ganye da 'ya'ya. Daga Amurka ta shigo Turai a farkon ƙarni na 20, ta yi wa tsoffin irin Turai mummunar ɓarna. Tun daga lokacin masu kiwon iri suka duƙufa wajen samar da waɗanda ke jure mata. Cikin kore, Invicta wadda aka samar a cibiyar bincike ta East Malling da ke Ingila ta yi suna wajen juriya da yawan haihuwa, sai dai ƙayarta ba ta da wasa, kuma tana bazuwa ta ci wuri. Greenfinch ma tana jurewa, ba ta kuma yin girma sosai. Hinnonmäki mai koren ɗa, 'yar ƙasar Finlan, ta fi su ɗaukar matsanancin sanyi. Careless tsohon iri ce tun ƙarni na 19, 'ya'yanta manya ne masu daɗin dahuwa, amma funfuna na kama ta da sauri. A ganina wanda zai fara kada ya fara da ita, komai yabon da ya ji ana yi mata.

Bishiya ɗaya ta isa ta haihu, domin furenta na iya ɗaukar barbara daga kansa, ba sai an haɗa ta da wani iri ba. Nemi dashe mai shekara biyu, mai rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, da saiwa mai gashi-gashi da yawa. Mafi kyau shi ne wanda ke da 'yar ƙafa, wato kara guda ɗaya tsirara mai tsawon santimita 10 zuwa 15 tsakanin ƙasa da inda rassa suka fara. Amfanin wannan ƙafa zai fito nan gaba.

Mazauna Amurka su duba dokar jiharsu tukuna. A 1911 gwamnatin tarayyar ƙasar ta hana shuka dangin Ribes saboda suna ɗaukar wata cutar tsatsa da ke kashe farin itacen fain, wanda ake yin katako da shi. An ɗage haramcin tarayya a 1966, aka bar wa jihohi, kuma har yanzu akwai wuraren da ke da takunkumi.

Wuri da ƙasa

Guzberi na son rana, amma tana jure inuwa fiye da yawancin itatuwan marmari. A inda rani ba ya tsanani, ka ba ta fili ta sha rana yini guda, 'ya'yan za su fi zaƙi. A inda rana ke da ƙarfi, nemi wurin da za ta samu hasken safe, da la'asar kuma inuwar gini ko ta wata bishiya ta rufe ta. Abu biyu za ka guje wa. Na farko kwari ko lungun da sanyi ke taruwa da dare, saboda tana cikin itatuwan da ke fara fure da wuri, tun Maris ko Afrilu, kuma dare ɗaya na sanyin da ke daskarar da raɓa ya isa ya kashe furen. Na biyu lungun da iska ba ta ratsawa, domin nan ne gidan funfuna.

Ƙasa kuwa, tana son wadda ke riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. Yumɓu mai ɗan nauyi ya fi mata jigawa, muddin ruwa na wucewa. Gwajin mai sauƙi ne: tona rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka dawo washegari. In ka tarar da ruwan yana nan, wurin zai ruɓar da saiwa, sai dai ka ɗaga kunya ko ka yi tudu ka dasa a kai. Ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance tsakanin 6 da 6.8. In ya yi ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, a barbaɗa allin gona mai rage tsamin ƙasa watanni kafin dashe.

Ka share ciyawa sarai tun kafin dashe, musamman masu saiwa mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa. Duk wadda ka bari za ta fito ta tsakiyar gindin, inda ƙaya ba za ta bar hannunka ya kai ba.

Dashe

Dashen da ake sayarwa da saiwa tsirara, ba cikin tukunya ba, ana sa shi ne lokacin da bishiyar ke barci, daga Nuwamba zuwa Maris, muddin ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta jiƙe sharkaf ba. Ƙarshen kaka ya fi, saboda ƙasa na da sauran ɗumi, saiwa za ta kama kafin sanyi ya kankama. Na cikin tukunya ana iya dasa shi kowane lokaci, sai dai na lokacin zafi yana cin ruwa da yawa.

Da ka kawo dashe mai saiwa tsirara, jiƙa saiwar a bokitin ruwa na awa ɗaya ko biyu. Kada ka bar ta a iska ko rana, ƙananan saiwoyin nan da nan suke bushewa. Tona rami mai faɗi ninki biyu na saiwar, zurfinsa daidai tsawonta. Sassauta ƙasan ramin da gefunansa da cokalin tono, sannan ka gauraya ƙasar da ka fitar da bokiti guda na taki ruɓaɓɓe. Ruɓaɓɓe nake cewa, wanda ya yi baƙi ya daina wari, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Duba jikin karan za ka ga alamar inda ƙasa ta tsaya masa a inda aka raino shi. Daidai nan za ka tsayar da ƙasa, kada ka binne ƙafar. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗora sanda a kan bakin ramin, ka daidaita alamar da sandar. Kafin ka mayar da ƙasa, duba gindin da saiwar, duk wani toho ko ido fari da ka gani a ƙasan inda rassa suka fara, fizge shi da hannu. In ka bar su za su zama 'ya'yan gindi su cushe bishiyar. Baza saiwar, ka riƙa zuba ƙasa kana ɗan girgiza karan don ta shiga tsakanin saiwoyi, ka danna da tafin ƙafa a hankali. Zuba ruwa lita 10, ko da ƙasar na da danshi, don ta zauna.

Tazara tsakanin bishiya da bishiya mita 1.2 zuwa 1.5. Mai yaɗuwa irin Invicta ka ba ta 1.5 cif. Dashen zai yi kama da ya ɓata a fili, amma bayan shekara uku za ka ga dalili.

A ƙarshe ka lulluɓe gindin da ruɓaɓɓen ganye ko taki ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 7, ka bar tazarar tafin hannu kewaye da karan don kada danshi ya ruɓar da shi.

Yankan rassa

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda masu lambu suka fi gudu, saboda ƙaya da kuma tausayin bishiyar. Guzberin da aka bari ta yi yadda ta ga dama, cikin shekara uku za ta zama dunƙulen ƙaya. Iska ba ta shiga, funfuna ta samu wuri, tsutsa ta ɓuya a tsakiya ba a gani, 'ya'yan su ƙanƙance, tsinkarsu kuma ta zama azaba. Kusan duk matsalolin bishiyar nan daga cushewar tsakiya suke farawa.

Siffar da ake nema ita ce ta ƙwarya a kan 'yar ƙafa: rassa takwas zuwa goma sun tashi sun buɗe waje, tsakiya fayau, yadda za ka iya zura hannu daga sama har gindi ba tare da ƙaya ta yage ka ba. Kayan aiki su ne almakashin yanke rassa mai kaifi da safar hannu ta fata mai kauri, wadda ta rufe har gwiwar hannu in da hali.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka aikin yana farawa ne tun hunturun farko. Zaɓi rassa huɗu ko biyar masu ƙarfi da suka fuskanci kusurwoyi daban-daban, ka rage kowanne da rabi. Sauran, wato masu rauni, masu kallon ciki, masu gogar juna da masu jan ƙasa, ka cire su daga tushe. Za ka ga kamar ka gama da dashen, amma kowane reshe da ka datse zai fitar da biyu ko uku.

Inda za ka sa almakashi yana da ƙa'ida. Kowane ido a jikin reshe yana kallon wani ɓangare, kuma inda yake kallo nan sabon reshe zai nufa. Ka yanka kamar rabin santimita a saman idon da ka zaɓa, a ɗan karkace, yadda ruwa zai gangara ya bar idon. In irinka mai miƙewa sama ne, zaɓi idon da ke kallon waje don bishiyar ta buɗe. In mai sunkuyawa ne, wanda rassansa ke lanƙwasa su nufi ƙasa kamar Careless, zaɓi idon da ke kallon sama, in ba haka ba nauyin 'ya'ya zai kwantar da rassan a cikin laka.

A hunturu na biyu, daga sabbin rassan da suka fito ka zaɓi waɗanda za su cika takwas zuwa goma, ka rage sabon tsiron kowanne da rabi. Waɗannan su ne ginshiƙai. Duk ƙananan rassan gefe da suka fito a jikinsu ka rage su zuwa ido biyu ko uku.

Daga shekara ta uku, yanka sau biyu ake yi a shekara. Don ka gane dalili, ka san inda bishiyar ke ɗaura 'ya'ya: a gindin reshen da ya fito bara, da kuma kan wasu gajerun guntaye da ke jikin tsohon reshe. Manufar yankan ita ce a yawaita waɗannan guntaye, a hana bishiyar ɓata ƙarfinta wajen dogayen rassa marasa amfani.

Yankan farko a tsakiyar Yuni zuwa Yuli. Duk sabon reshen gefe da ya fito bana, mai laushi kore, ka ƙirga ganye biyar daga tushensa ka datse abin da ya ragu. Kada ka taɓa kan ginshiƙan. Wannan yanka ba ya rage maka 'ya'ya, tun da suna can ƙasa a tsohon itace. Yana buɗe wa rana hanya, kuma yana kwashe kawunan rassa masu laushi, waɗanda su ne funfuna da darɓa suka fi kamawa.

Yanka na biyu a hunturu. Fara da cire matattu da marasa lafiya da masu ratsa tsakiya. Rassan gefen nan da ka rage zuwa ganye biyar, yanzu ka ƙara rage su zuwa ido ɗaya zuwa uku. Kan kowane ginshiƙi kuma ka rage kwata ko sulusin abin da ya ƙaru bana. Idan ginshiƙi ya tsufa, ɓawonsa ya yi baƙi, haihuwarsa ta ragu, cire shi daga tushe ka bar wani matashin reshe ya gaje shi. Ɗaya ko biyu a shekara ya isa. 'Ya'yan gindi masu fitowa daga ƙasa kuwa, fizge su ake yi, domin in ka yanka da almakashi idanun da ke tushensu za su sake tohowa ninki.

A wuraren da tsuntsaye ke cin idanun rassa a hunturu, gara ka jinkirta wannan yanka zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Cushewar rassan na ɗan kare idanun, sannan a lokacin za ka ga waɗanda suka tsira ka yanka a kansu.

Wanda lambunsa ƙarami ne zai iya rainon ta a kara guda. Ana kafa turke ko a ja waya a jikin katanga, a ɗaure reshe ɗaya ya miƙe sama har mita ɗaya da rabi, a riƙa rage duk rassan gefe kamar yadda na faɗa. Tazarar santimita 30 zuwa 40 ta isa tsakanin irin waɗannan. 'Ya'yan ba su kai yawan na cikakkiyar bishiya ba, amma sun fi girma, tsinkarsu kuma ba wahala.

Ruwa da taki

Saiwar guzberi a sama-sama take, ba ta nitsa can ƙasa. Saboda haka fari na taɓa ta da wuri, kuma fartanya na iya yanke mata saiwa. Ciyawar gindi da hannu ake cire ta, lulluɓin gindi kuma a sabunta shi kowace shekara a farkon Maris.

A shekarar farko kada ka bari ƙasar ta bushe. Bayan ta kafu, lokacin da ta fi bukatar ruwa shi ne daga faɗuwar fure zuwa nunar 'ya'ya. In sama ta ɗauke, ba ta lita 15 zuwa 20 sau ɗaya a mako, a gindi, ba a kan ganye ba. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum. Abin da ke fasa 'ya'ya shi ne a bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan a kwarara ruwa lokaci guda, fatar ba ta iya bin kumburin cikin sai ta tsage.

Wajen taki, sinadarin da ta fi ƙishirwa shi ne fotash. In ya yi mata ƙaranci za ka ga bakin ganyen ya yi ruwan ƙasa kamar an babbaka. A ƙarshen hunturu barbaɗa giram 15 zuwa 25 na salfet na fotash a kowace murabba'in mita kewaye da gindin. Ka tabbata salfet ne, domin takin fotash mai sinadarin kuloraid yana ƙona ganyen dangin Ribes. Tokar itace ma na ɗauke da fotash, amma kaɗan-kaɗan, don tana rage tsamin ƙasa. Naitirojin kuwa a yi hattara da shi. In ya yi yawa za ka ga bishiyar ta yi kore shar, ka yi ta murna, alhali rassa masu laushi ne ta fitar waɗanda funfuna ke jira. Sau da yawa takin lulluɓin gindi ya wadatar.

In a tukunya kake raino, ta kasance mai faɗin santimita 40 ko fiye, mai huji a ƙasa. A lokacin zafi kusan kullum sai ka duba danshinta, kuma kowace shekara ka kwashe ƙasar sama ka zuba sabuwa.

Fure, ƙwari da cuta

Furen ƙanana ne, kore-kore da ɗan ja, in ba ka sunkuya ba ba za ka lura da su ba. In an yi hasashen sanyin daskarewa lokacin da suke buɗe, rufe bishiyar da yadi mara nauyi da yamma, ka yaye da safe don ƙudan zuma su samu shiga.

Daga tsakiyar Afrilu sai ka fara sintiri saboda tsutsar guzberi, wadda masana ke kira Nematus ribesii. Uwarta ƙaramar ƙwaro ce da ke jera ƙwai farare a bayan ganye, a bin jijiyoyinsa, kuma ganyen da take zaɓa na can ƙasa ne a tsakiyar bishiyar. Alamar farko ita ce ganye mai ƙananan huji da yawa kamar an tsattsaga da allura. Juya shi za ka ga tsutsotsin a jere, kore masu ɗigon baƙi da baƙin kai. A wannan mataki cire ganye ɗaya ya kashe gida guda. In ka makara suka kai santimita biyu suka bazu, cikin 'yan kwanaki za su bar maka rassa tsirara, sai jijiyoyin ganye kawai. Sukan yi zubi har uku a shekara, don haka dubawar mako-mako ce har Satumba. Ana tsince su da hannu, ko a shimfiɗa tsumma a gindi a girgiza rassan su zubo. Maganin nan na ƙwayar cutar Bt da ke kashe tsutsar malam-buɗe-littafi ba ya aiki a kansu, domin su dangin zanzaro ne, kada ka ɓata kuɗinka.

Funfuna tana farawa ne kamar an barbaɗa gari a kan sabbin ganye da kawunan rassa, daga baya ta koma ruwan ƙasa ta manne a jikin 'ya'ya kamar ƙyalle. Da ka gani, datse wuraren da ta kama ka fitar da su daga lambun, kada ka zuba a ramin taki. 'Ya'yan da ta taɓa ana iya goge su a dafa, ba guba ba ce, sai dai ba kyan gani. Wasu na fesa maganin farar wuta, amma akwai irin guzberin da farar wuta ke zubar wa ganye, don haka a gwada a reshe ɗaya tukuna. Darɓa na nannaɗe kawunan rassa, yankan Yuni yakan kwashe yawancinta. Akwai kuma cutar ɗigon ganye mai sa ganye zuba da wuri, maganinta share ganyen da suka zuba a kaka don kada cutar ta yi hunturu a cikinsu.

Tsuntsaye sukan jira 'ya'ya su fara laushi. Raga ita ce magani, amma a ɗora ta a kan sanduna, a ja ta ta yi tsam, a danne bakinta a ƙasa. In ka yafa ta kai tsaye a kan bishiyar, ƙaya za ta riƙe ta, tsuntsaye kuma su maƙale.

Tsinka

Shekarar farko kada ka sa rai. Ta biyu za ka samu ɗan abin taɓawa, cikakkiyar haihuwa sai shekara ta huɗu ko ta biyar.

Guzberi sau biyu ake tsinkar ta, kuma wannan na cikin abin da ya sa nake ganin ta fi takwarorinta riba. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da 'ya'yan suka kai girman ƙwayar wake, bi kowane reshe ka cire ɗaya ka bar ɗaya. Waɗanda ka cire suna da tauri da tsami sosai, ba a cin su ɗanye, amma su ne na dahuwa da sukari, kuma suna da sinadarin fektin mai yawa, wanda ke sa jam, wato dafaffen marmari da sukari mai kauri, ya kama ba tare da an ƙara masa komai ba. Waɗanda ka bari kuma sun samu sarari, sai su kumbura su yi zaƙi zuwa Yuli. Masu gasar babban guzberi a arewacin Ingila sun kai wannan dabara ƙarshe, sukan bar 'ya'ya ƙalilan a bishiya guda. Gasar ƙauyen Egton Bridge da ke Yokshaya tun 1800 ake yin ta, kuma akan kawo ƙwaya ɗaya mai girman ƙwan kaza.

Wahalar koren iri ita ce launinsa ba ya sauyawa sosai ya gaya maka ya nuna. Sai ka taɓa. Matsa ƙwayar a hankali tsakanin yatsa biyu: ɗanya tauri gare ta kamar dutse, nunanniya kuma takan ɗan lotsa ta dawo. Fatar takan yi haske, koren ya ɗan juya zuwa ruwan ɗorawa, har ka hango 'ya'yan ciki in ka ɗaga ta a rana. Ɗanɗana ɗaya ka tabbatar. Ba sa nuna lokaci guda, don haka za ka zagaya sau biyu ko uku cikin makonni.

Wajen tsinka, ɗaga reshen ta kansa da hannun da ke cikin safa, 'ya'yan za su reto a ƙasansa, sai ka tsinke da ɗaya hannun tare da ɗan guntun sandarsu, don in ka fizge ba ita fatar na yagewa. Masu tauri sukan yi kusan mako biyu a firij, nunannu kwana kaɗan. In za ka adana a firiza, cire sandar da busasshen furen da ke ɗaya ƙarshen, ka baza su a faranti su daskare, sannan ka juye a leda.

Ƙara yawansu

Bishiya ɗaya mai lafiya za ta ba ka wasu kyauta. A Satumba ko Oktoba yanko reshen bana da ya yi ƙwari, mai kaurin fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30. Datse kansa mai laushi a saman ido, ƙasansa kuma daidai ƙarƙashin ido. Tsaga ƙasa da shebur a wuri mai ɗan inuwa, zuba yashi a ƙasan tsagar, ka soka rassan rabinsu a ciki da tazarar santimita 15, ka danne. Ka sa da yawa, don irin Turai ba duka ke kamawa ba. Bayan shekara guda ka tono waɗanda suka yi saiwa, ka cire duk toho da idanun ƙasa ka bar uku ko huɗu na sama, ƙafar nan ta santimita 10 zuwa 15 ta samu ke nan.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce kwantar da reshe. Zaɓi wanda ke kusa da ƙasa, ka ɗan kankare ɓawonsa a inda zai taɓa ƙasa, ka danne wurin da lanƙwasasshiyar waya, ka rufe da ƙasa mai kaurin santimita 5, kan reshen yana waje a ɗaure da ɗan turke. Ka riƙa jiƙa wurin. Bayan shekara, in ka ja a hankali ka ji ya riƙe, yanke shi daga uwar ka mayar da shi inda zai zauna. Kada ka ɗebi iri daga bishiyar da ganyenta ke da rawayan jijiyoyi ko take tsumburewa ba dalili, domin cutar bairos tana bin reshe ta shiga sabon dashe.